Jini A Kan Asuwaki: Ciwon Dasashi Da Dashen Ƙashi

Wannan shi ne jawabin da Editanmu ya gabatar a gaban ɗaliban azuzuwan manya, maza da mata, tare da malamansu, daga Ƙananan Hukumomin Gwarzo da Kabo. Mun buga shi domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.

 Ina yi wa waɗanda suka taso daga Getso da Kutama da Lakwaya sannu da zuwa, haka nan mutanen Garo da Gude da Durun da sauran garuruwa.

Zan fara da tambaya, amma ba sai kowa ya ɗaga hannu ba. Mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa yin asuwaki da safe, ya ciro shi ya ga kansa ya yi ja? Ko ya gatsi rake ko goruba ya ga alamar jini? Na san muna da yawa. Na kuma san abin da mukan ce: asuwakin ne ya yi tauri, ko kuwa zafi ne ya taso. Sai mu kurkure baki mu kama hanyar gona. To, wannan ɗan jinin shi ne maganata ta yau, da inda yake kai mutum in an ƙyale shi shekara da shekaru, da kuma wani aiki da likitoci suke yi a can ƙarshe, wanda ake kira dashen ƙashi. Masu koyon rubutu a lura, ƙashi nake faɗa, da ƙa mai lanƙwasa. In aka manta lanƙwasar nan magana ta ɓaci.

Ina da wani kawu, Allah ya jiƙansa, manomi ne ƙaƙƙarfa. Tun bai cika shekara 55 ba haƙoransa na gaba suka fara girgiɗi, suna fita ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya riƙa ba ni mamaki ina yaro shi ne, in haƙorin ya fita sai ka gan shi lafiya lau, dogo da saiwarsa, babu rami babu ruɓa. Ya ƙare rayuwarsa da magogin goro a aljihu. In an yanka rago da Sallah sai a dafa masa hanta ta yi luguf, tsire da kilishi kuwa sai kallo. Duk gida muka ce tsufa ne. Sai da na girma na gane haƙoran ba su da laifi, wurin da aka kafa su ne ya zaizaye.

Babban mutum yana da haƙora 32. Abin da muke gani in mutum ya yi dariya kan haƙori ne kawai. Saiwar, wadda ta fi kan tsawo, tana binne a cikin ƙashin muƙamuƙi, kowane haƙori da gurbinsa. Tsakanin saiwa da ƙashi akwai wasu siraran zaruruwa masu ɗaure su, sa'an nan dasashi ya lulluɓe duka kamar yaɓe a jikin katanga. Ku ɗauka dirka ce aka kafa a ƙasa. Komai ƙwarin icen, in ruwa ya cinye ƙasar da ke gindinta, wata rana za ta kwanta.

Kullum, ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba, wata dauɗa fara mai yauƙi tana taruwa a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. In ka karce da farce za ka gan ta. Cike take da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. In an goge ta a ranar, shi ke nan ta tafi. In an bar ta kwanaki sai ta haɗu da sinadaran da ke cikin yawu ta daskare, ta zama kamar ƙanzo a gindin tukunya. Wannan ƙanzo asuwaki ba ya cire shi, buroshi ma ba ya cire shi, kuma a jikinsa sabuwar dauɗa take samun wurin maƙalewa. Masu cin goro da masu sa fure su ƙara lura, domin jan goro yakan ɓoye shi har mutum ya ɗauka launi ne kawai.

Da farko dasashi ne kaɗai yake kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini in an taɓa shi. A wannan mataki ƙashi bai taɓu ba tukuna. In aka kankare ƙanzon, mutum ya riƙe goge baki sosai, cikin mako ɗaya ko biyu jinin yakan tsaya, dasashi ya koma yadda yake. Amma yawancinmu da mun ga jini sai mu daina taɓa wurin, wai kada mu fama ciwo. Nan ne kuskuren yake. Dasashi sai ya fara rabuwa da haƙori, wani ɗan aljihu ya buɗe a tsakaninsu. Masu iya magana kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Likitan haƙori yana da wani ɗan siririn ƙarfe mai awo da yake zurawa a wurin. A lafiyayyen baki zurfin ba ya wuce milimita 1 zuwa 3. In ya kai 4 ko 5 cuta ta shiga. In ya kai 6 ko fiye ta yi nisa. A cikin aljihun nan ƙwayoyin cuta suke zama, inda asuwaki ba ya kaiwa. Jiki yakan tura dakarunsa su yaƙe su, to a wannan yaƙi da ba ya ƙarewa ne ƙashin da ke kewaye da saiwa yake narkewa a hankali.

Mugun halin wannan cuta shi ne ba ta cika ciwo ba. Haƙori mai rami yakan hana barci, ya sa mutum neman magani da tsakar dare. Ita kuwa wannan sai ta yi shekara goma tana aiki mutum bai sani ba. Alamunta su ne warin bakin da ba ya jin makilin, da mugunya in an danna dasashi, da haƙora su yi kamar sun ƙara tsawo, da wushirya ta buɗe wa wanda ba a haife shi da ita ba, daga ƙarshe girgiɗi. Kada wani ya ɗauka ciwon ƙauye ne. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022, ta ce kimanin mutum 19 cikin kowane 100 na manyan duniya suna da wannan cuta mai tsanani, watau mutum fiye da biliyan 1. Ku ƙirga mutum biyar a layin da kuke zaune, a lissafin nan ɗaya yana ciki.

To, in ƙashi ya riga ya narke, yana dawowa? Da kansa dai, a mafi yawan lokuta, ba ya dawowa. Wani zai ce ai muna ganin karaya, maɗori ya ɗora, ƙashi ya haɗe. Gaskiya ne, ƙashi abu ne mai rai, da jini a cikinsa, yana kuma iya gina kansa. Amma karayar ƙafa a rufe take cikin tsoka. Shi kuwa na gindin haƙori a bakin ƙofa yake, kullum cikin yawu da abinci da ƙwayoyin cuta. Bugu da ƙari, naman dasashi ya fi ƙashi saurin tsiro nesa ba kusa ba. Ko an wanke ramin tas, kafin ƙashi ya motsa nama ya riga ya gangara ya cike wurin, kamar yadda ciyawa take rufe gona kafin shuka ta miƙe.

Wannan matsala ce ta sa likitoci suka fito da dabarar dashe. Manoman da ke nan sun san auren mangwaro, inda ake yanko reshe daga wata bishiya a haɗa da wata, a ɗaure har su zama ɗaya. Abin ya yi kama da haka, sai dai akwai bambanci. Likita zai yi allurar kashe zafi a dasashi, mutum yana farke. Zai tsaga dasashin ya ɗaga shi kamar an ɗaga labule, ya kankare saiwar haƙorin har ta yi fes, ya kwashe ruɓaɓɓen naman da ke cikin ramin. Sa'an nan ya cika ramin da garin ƙashi mai kama da tsakin masara, ya mayar da dasashi ya ɗinke. Bambancin shi ne, yawancin wannan gari ba shi ne zai rayu ya zama ƙashinka ba. Aikinsa kamar na rumfar da kabewa take hawa ne. Yana riƙe wurin a buɗe, jijiyoyin jini su ratsa shi, ƙashin mutum na kansa ya bi ta jikinsa yana ginuwa, wani garin jiki ya narkar da shi a hankali, wani kuma ya zauna a ciki shekaru.

Daga ina ake samo garin? Akan ɗebo daga jikin mai ciwon, daga wani gefen muƙamuƙinsa ko haɓarsa. In aikin babba ne har daga ƙashin ƙugu akan ɗebo, kuma asibitocin koyarwa na ƙasar nan sun daɗe suna yin haka, da ƙashin ƙugu ko na haƙarƙari, ga waɗanda aka yanke wa muƙamuƙi saboda ƙari. Naka shi ne jiki ya fi karɓa, amma fa rauni biyu ke nan za ka yi jinya. Akwai na wani mutum daban da ya bayar da kyauta, wanda ake wankewa a sarrafa a busar. Wani likitan ƙashi a Amurka mai suna Marshall Urist shi ne ya nuna a 1965 cewa in aka cire wa ƙashi sinadarin da ke sa shi tauri, abin da ya rage yana iya sa jiki ya tsirar da sabon ƙashi, ya kuwa gwada haka a jikin zomaye. Akwai kuma na shanu, wanda ake sarrafawa har sai babu sauran nama ko kitse, sai ƙwarangwal ɗin kawai. Wanda ya fi shahara cikinsu, Bio-Oss, wani kamfani ne a ƙasar Suwizalan yake yin sa. Na ƙarshe shi ne wanda ake haɗawa a masana'anta da sinadarai irin waɗanda ke cikin ƙashi, babu dabba a ciki sam.

Sauran maganar ciyawar nan mai saurin tsiro. A 1982 wasu likitoci a ƙasar Suwidin, cikinsu har da Sture Nyman da Jan Lindhe, sun gwada wata dabara a haƙorin wani mutum. Bayan sun wanke saiwar, sai suka shimfiɗa wata siririyar fata kamar takarda tsakanin dasashi da saiwa kafin su ɗinke. Fatar ta tare naman dasashi, zaruruwan nan masu ɗaure haƙori suka sami sararin sake tsirowa. Shinge ke nan da muke yi wa dashen bishiya saboda awaki. Yau akan haɗa garin ƙashi da wannan fata a aiki ɗaya. A nan zan ja hankalinmu ga wani abu da ya shafe mu. Da yawa daga cikin irin fatar da ake sayarwa da sassan jikin alade ake yin su, haka nan wani maganin shafawa a saiwa mai suna Emdogain. Akwai waɗanda ba na alade ba. Saboda haka wanda za a yi wa aiki ya buɗe baki ya tambaya tun kafin a fara, haƙƙinsa ne, kuma likita ba zai ji haushi ba.

Bayan aiki akan cire ɗinki cikin mako ɗaya ko biyu. Za a hana ka tauna ta gefen, a ba ka maganin kurkure baki, a ce kada asuwaki ya kusanci wurin sai an ba ka izini. Ƙashin kuwa sai an yi wata shida ko fiye kafin a ɗauki hoto a ga yadda ya cika.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau, domin kada wani ya koma gida ya ce Edita ya ce ko haƙori ya girgiɗe akwai dashe. Ba kowane zaizayewa ake dasawa ba. Ku koma ga dirkar nan. In ɓera ne ya haƙa rami a gefe ɗaya na gindinta, rami mai zurfi, matsattse, da bango kewaye da shi, sai ka zuba ƙasa ka daddanna, ta zauna. Amma in ruwa ne ya share fuskar filin gaba ɗaya har ƙasa ta yi ƙasa da taƙi guda, duk abin da ka tula a gindin dirka ba shi da abin jingina, zubewa zai yi. Haka ƙashin haƙori yake. Rami mai bango biyu ko uku shi ne yake karɓar dashe. Zaizayewar bai ɗaya kuwa, wadda ita ce ta fi yawa a bakunan mutane, har yanzu likitoci ba su da hanyar da za su dogara da ita wajen mayar da ita. Abin da ake iya yi shi ne a tsayar da cutar inda ta kai. Ko a ramin da ya dace ma, sau da yawa wani sashe ne yake cika, ba duka ba. A ganina wannan ma ba ƙaramar riba ba ce, in dai haƙorin zai ƙara shekaru yana tauna.

Har ila yau, likitan kirki ba zai yi dashe a bakin da ke da dauɗa ba. Zai fara kankare ƙanzon sama da na ƙarƙashin dasashi, ya koya maka goge baki, ya ce ka dawo bayan wata ɗaya da rabi zuwa wata uku ya sake awo. Sau da yawa a nan ma aljihunan sukan ragu har a fasa tiyata. Mai shan taba sigari aikin ba ya cika yi masa kyau, domin taba tana matse jijiyoyin jini a dasashi. Wannan matsewa ce ma take ɓoye jinin, mashayi ya ɗauka bakinsa lafiya. Masu cusa garin taba a leɓe su ma suna ƙona dasashinsu ne a daidai wurin. Mai ciwon suga kuwa sai sugansa ya daidaita, domin cutukan biyu zuga juna suke yi: suga yana tsananta ciwon dasashi, ciwon dasashi kuma yana wahalar da saukar suga.

In haƙori ya riga ya fita, ƙashin wurin yakan ci gaba da shanyewa, shi ya sa bakin mai wawulo yake shigewa ciki. A nan ma akan yi dashen ƙashi, domin a sami inda za a kafa wata ƙusa ta ƙarfen titaniyom a ɗora mata haƙorin roba ko na tangaran. Wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Branemark, shi ne ya fara kafa wa mutum irin wannan ƙusa a 1965. Ba zan tsaya a kanta ba, ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu.

Irin waɗannan ayyuka na manyan asibitoci ne da ƙwararru. Mu a nan, matakin farko shi ne asibiti mafi kusa, Babban Asibitin Gwarzo ko asibitin Kabo, su duba su tura mutum gaba in abin ya fi ƙarfinsu. A birni akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, wanda aka kafa a 1988, yana da sashen haƙori da muƙamuƙi, kuma a nan ɗaliban tsangayar haƙori ta Jami'ar Bayero suke koyon aiki. Daga Gwarzo zuwa Kano kimanin kilomita 70 ne, ba kuma zuwa ɗaya ba ne. Ka lissafa kuɗin mota sau biyar ko shida, da ranakun gona ko kasuwa da za ka rasa, da hoto, da magani, ga garin ƙashi da fatar nan daga ƙasashen waje ake sayo su da dala. Duk wannan a kan haƙori ɗaya ko biyu.

Shi ya sa na fara da asuwaki. Ba na cikin masu raina shi. Bincike ya nuna wanda ya iya asuwaki yana cire dauɗa kamar mai buroshi, ko na icen asuwaki ne ko na darbejiya. Laifinmu shi ne haƙora shida na gaba muke ta gurza muna tafiya muna hira, su ne mutane ke gani. Turame na can ciki, da bayan haƙoran ƙasa ta wajen harshe inda ƙanzo ya fi taruwa, ba mai leƙa su. A tauna kan asuwaki ya yi laushi, a ɗora shi daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi, a goge a hankali daga dasashi zuwa kan haƙori, ciki da waje, ɗaya bayan ɗaya. Mai buroshi ya sayi mai laushi, ya sa makilin, safe da kuma dare kafin barci, kamar minti biyu. Gurza da ƙarfi, ko da gawayi da toka da yashi, cinye haƙori yake yi ya ture dasashi baya. Tsinken sakace a yi shi da lalama, a daina na ashana da allura da tsinken tsintsiya.

Akwai wata magana da take yawo, wai wankin haƙori na asibiti yana sa haƙora su saki. Abin da ke faruwa shi ne, ƙanzo yakan yi yawa har ya manne haƙora da juna kamar siminti, alhali ƙashi ya tafi a ƙarƙashi. In an cire shi sai girgiɗin da ke ɓoye ya bayyana. Ɓarnar ta daɗe, likita tona ta kawai ya yi. Haka nan masu tallar magani da lasifika a kasuwanni, masu nuna tsutsa wai daga haƙori ta fito: babu tsutsa a haƙori. Kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi suna rage zafi, kafso na kemis yakan kwantar da kumburi na 'yan kwanaki, amma ba ɗayansu da ke cire ƙanzo. Masu ɗiga ruwan batir kuwa, don Allah a bari, nama yake ci.

Iyaye mata, ga taku. Mai juna biyu dasashinta yakan fi saurin kumburi da jini saboda canjin da jiki yake yi. Jariri ba ya tsotse haƙorin uwarsa, kada a daina goge baki saboda ciki, kuma ana iya yi wa mai ciki wankin haƙori. Sa'an nan ku riƙa buɗe bakin yaranku kuna dubawa, musamman 'yan shekara 2 zuwa 6 da suka rame ko suka tashi daga ƙyanda. Akwai wata cuta da ake kira noma, ba noman gona ba, wadda take farawa da gyambo da wari a dasashi, cikin 'yan kwanaki ta ci kunci da leɓe har ƙashi. In ba a yi magani ba yawancin yaran mutuwa suke yi, alhali in an kama ta da wuri magungunan asibiti da abinci mai kyau suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta. Yaron da dasashinsa ke jini da wari, kuncinsa ya kumbura, a kai shi asibiti a ranar.

Wanda kuma a cikinku haƙorinsa ya riga ya fara motsi, kada ya yi saurin kai wa wanzami ya fizge. Ya je a auna aljihun, a ɗauki hoto. In yana da suga ko hawan jini ya tafi da katinsa da magungunan da yake sha, in yana shan taba ya faɗi gaskiya. Ya tambayi likita ya nuna masa a hoton ko zaizayewar tasa rami ce mai bango ko kuwa ta bai ɗaya ce, da haƙoran da za a iya ceto, da ranar da zai dawo a sake awo.

 Mai tambaya ya miƙe ya faɗi garinsu.